Tsegumi: Masu Rigegeniyar Sabuwar Kwamfuta a Haɗejiya

Ku matso kusa, ku rage murya, don mutumin da za mu fara da shi yana da 'yan kai rahoto a kowace majalisa, tun daga Kasuwar Kuda har Matsaro. Suna dai ba zan kama ba. Wanda ya tsargu, da shi ake.

Akwai wani Alhaji a garin nan mai shagon buga katin biki da fastocin 'yan siyasa, yaransa kuma su ne ke ɗaukar bidiyon ɗaurin aure da na saukar karatu. Tushen arzikinsa noma ne, yana da gonar shinkafa ta wajen Auyo. Shagon kuwa na jan jama'a ne, da kuma samun inda za a zauna a gaisa. A farkon 2024, lokacin da dala ta tsallake naira 1,500 kowa ya ƙanƙame aljihunsa, sai aka kai wa Alhaji labari cewa abokin hamayyarsa na bakin tasha ya sauya kwamfuta. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya kira wani ɗan ɗakinsa mai zirga-zirgar Dubai, ya ce masa, "Ka kawo mini wadda ba a taɓa ganin irinta ba daga nan har Gumel. Kuɗi ba matsala ba ne."

Aka haɗo masa kwamfutar tebur mai ƙwaƙwalwar Intel Core i9 zubi na 14, wadda ta shigo kasuwa a Oktoban 2023, aka ɗora mata katin hoto na Nvidia RTX 4090, wanda kamfanin ya yanka wa farashin dala 1,599 ranar fitowarsa. Gefen akwatin gilashi ne, cikinsa fitilu ja da kore da shuɗi suna ta walwali. Majiyata ta ce an yi kwanaki ana zuwa kallo, har da waɗanda ba su da katin bugawa. Alhaji yana zaune a kan kujerarsa yana amsa "Allah ya sa alheri", yana cewa ai ƙaramin abu ne.

Abin da ba ya faɗa a majalisa shi ne, tun daren farko inbatar shagon ta yi ƙara ta ɗauke. Katin hoton nan shi kaɗai yana iya zuƙar wat 450, ƙwaƙwalwar kuma in ta ɗau aiki tana shan wat 250 da 'yar ɗoriya. Ku haɗa da allo da fankokin cikinta, ku gani ko batir biyu da faifan sola huɗu za su ɗauka. Dole aka koma wa janareta, ga shi an cire tallafin fetur tun Mayun 2023. Sai ya zama ribar katin biki ɗari tana ƙarewa a jarka. Abin takaicin, aikin da ake yi da ita, tsara kati da fasta a CorelDraw da yanka bidiyon biki, kwamfutar da ba ta kai sulusin kuɗinta ba za ta yi shi ba tare da ta yi gumi ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Bayan 'yan watanni sai kwamfutar ta fara mutuwa ana tsakiyar aiki. Ana haɗa bidiyon amarya, an kusa gamawa, sai allo ya yi shuɗi, aikin awa uku ya bi ruwa. Wanda aka fara zargi shi ne yaron shago, wai yana saka mata wasanni da daddare. Yaro ya rantse, aka ce ƙarya yake, aka sallame shi. Ba ta daina ba. Aka koma kan masu wuta, aka sayo sitabilaiza. Ba ta daina ba. An raɗa mini cewa har wani aminin Alhaji ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, kayan nan an sa masa ido. Mutane nawa suka shigo kallo?" Aka yi turare a shagon bayan an rufe, ƙofa a kulle, don kada maƙwabta su ji ƙanshi su gane.

Ashe ciwon daga masana'anta yake. A Yulin 2024 kamfanin Intel ya fito ya amsa da bakinsa cewa manyan ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke cin su sannu a hankali har su fara tangal-tangal. Ya fitar da gyara ta manhaja, ya kuma ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Sai dai gyaran rigakafi ne, ƙwaƙwalwar da ta riga ta ciwu ba ta warkewa, sai a musanya ta. Wani matashi mai bin labarai ya kawo wa Alhaji albishir.

"Ranka ya daɗe, ai kamfanin sun ce a mayar su ba da wata."

"A mayar ina?"

"Inda aka saya, da rasit."

Aka kira ɗan ɗaki. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Alhaji, ni ma a hannun wani na karɓa, shi ya haɗa ta. Rasit kuwa ban tambaya ba, tunda ba mu taɓa yin haka da shi ba."

Majiyata ta ce Alhaji ya daɗe bai ce uffan ba. Yaron da aka kora kuwa, in kuna son sani, yanzu yana shagon bakin tasha, kuma an ce kusan rabin masu kawo aikin biki sun bi shi.

To bari in faɗi tawa a nan, tunda shafin nawa ne. Duk wanda ya fara sayen sabon zubin kaya, ɗan gwaji ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ba sharri ba ne na kamfanoni, haka sana'ar take: akwai aibin da ba ya fitowa sai kaya ya shiga hannun miliyoyin mutane. A 1994 ƙwaƙwalwar Pentium ta Intel ta zo da kuskuren lissafin rabawa, musanya ta ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. Shi wannan RTX 4090 ɗin, makonni kaɗan bayan fitowarsa a Oktoban 2022 aka fara nuna hotunan bakin wayarsa ta wuta ya narke. Ƙanensa RTX 5090 ya fito a Janairun 2025 a kan dala 1,999, yana shan wat 575, kuma ba a jima ba Nvidia ya amsa cewa wasu kaɗan daga cikinsu sun bar masana'anta da giɓi a kayan cikinsu. Mutumin Landan ko na Amurka in hakan ta same shi, kwali zai nema ya aika, a turo masa wani. Shi gwajin nasa da inshora yake. Mu kuwa garanti yakan ƙare ne tun a filin jirgi, in ya yi nisan kwana ya kai Beirut Road ko Farm Centre a Kano. Ban taɓa jin wanda ya biyo mai shi ta Gujungu har ya iso Haɗejiya ba.

Manomanmu na tudu sun san binne, wato ka zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwan farko. In ruwa ya zo da kyau, ka riga kowa. In yayyafi ya yi ya ɗauke, iri ya tsira ya ƙone, sai ka sake neman wani. Mai rumbu cike shi ke binne hankali kwance. Sayen sabon zubi tun yana ɗanye haka yake, kuma yawancin masu yinsa a garin nan da irin ƙarshe suke yi.

Mu bar Alhaji ya huta, mu leƙa gidan wani hadimin ɗan siyasa, cikin masu muƙamin ba da shawara da ba a taɓa neman shawararsu ba. Shi kuma laftof ya sayo daga Abuja a tsakiyar 2024, irin waɗanda Microsoft ya yi wa laƙabi da Copilot+, masu ƙwaƙwalwar Snapdragon. Ya shigo taron ɗaurin aure da ita a hammata, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa wannan tana tunani da kanta. Gaskiya batirinta yana daɗewa, wannan ba zan hana ta ba, kuma a garin da wuta ke wasan ɓuya ba ƙaramin abu ba ne. Matsala ta taso ranar da ya kai ta shagon ƙanensa mai cike wa mutane fom. Aka jona tsohuwar firinta, shiru. Aka jona na'urar ɗaukar zanen yatsa, shiru. Dalili kuwa, ginin ƙwaƙwalwarta daban yake da na Intel da AMD. Tana iya dabara ta tafiyar da manhajoji da yawa na da, amma direbobin da ke haɗa kwamfuta da firinta ko sikana, dole sai kamfanin na'urar ya rubuta mata nata. Wa zai zauna ya rubuta wa firintar da ta shekara goma sha wani abu sabon direba? Ƙanen ya ce, "Yaya, ka bar mini tsohuwata. Taka ta zuwa taro ce."

Nan ma ba shi ne abin dariyar ba. Wani abokinsa ɗan iya shege ya zaunar da shi ya yi masa bayanin Recall, wata fasaha da aka yi tallan waɗannan kwamfutoci da ita, wadda ke ɗaukar hoton duk abin da ke kan allo bayan 'yan daƙiƙu tana adanawa, don ka iya komawa ka ga abin da ka yi makon jiya. Masana tsaro sun yi ca a kanta, har Microsoft ya jinkirta ta a Yunin 2024, ba ta iso hannun jama'a ba sai 2025, kuma sai mai kwamfuta ya kunna ta da kansa. Abokin bai gaya masa wannan ƙarshen ba. Ya ce masa kawai, "Duk hirar da ka buɗe tana ajiye, kuma na ga Hajiya ta iya kwamfuta." An ce tun daga ranar laftof ɗin ba ta sake kwana a gida ba, a but ɗin mota take barci. Ban san abin da ke ciki ba, kuma ba na son sani.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, wadda masu cibiyoyin jarrabawa ke yi ƙasa-ƙasa daga Haɗejiya zuwa Kafin Hausa da Malam Madori. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma cibiyar da ke son a amince da ita sai ta tanadi kwamfutoci 250 masu aiki, da wasu 25 na ko-ta-kwana. Ga shi a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO su ma su bi sahu daga 2026. Masu cibiya sun hango kasuwa. Sai kuma ga ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Nan kakar dillalai ta yanke saƙa.

Wani dillali daga Kano, mai farar mota da turare mai ƙarfi, ya yi ta zagaya cibiyoyi yana cewa daga wannan rana duk kwamfutar da ke kan Windows 10 za ta mutu murus, hukuma kuma za ta soke lasisin duk wanda bai sauya ba. Wani mai cibiya da ya san ciwon kansa ya ce masa, "Yallaɓai, nuna mini takardar." Dillali ya ce tana waya, waya kuma ba caji. Har yau ba ta yi caji ba. Ranar ta zo ta wuce, kwamfutoci suka tashi da safe kamar kullum. Abin da ya ƙare shi ne toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi, kuma wannan ba abin wasa ba ne ga mai shiga asusun banki ko mai ajiye bayanan mutane. Amma ko shi an ba da ƙarin wa'adi: an ba mai kwamfutar kansa damar samun shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30 ko ma kyauta in ya haɗa ta da asusun Microsoft. Ma'aikatu kuwa dala 61 ce kowace kwamfuta a shekarar farko. Dillalin bai ambaci ko ɗaya ba. Duk naira dubu goma da ya ɗora a kan kwamfuta ɗaya, ku ninka ta sau 275, za ku gane dalilin turaren.

Ga inda aka fi cutar mutanenmu, kuma ina so ku buɗe kunne. Windows 11 ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta ta bana. Yana son ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fito tun 2017, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Kamfanonin Turai da Amurka sun kwashe 'yan zubi na 6 da na 7 daga ofisoshinsu saboda wannan sharaɗi, kwantena-kwantena suka sauka Legas, suka bi ta Computer Village a Ikeja suka hauro arewa. Sai a yi musu dabara a cusa musu Windows 11 da ƙarfin tsiya, a goge su da mai, a ce maka, "Landan ce, ga sabon Windows nan ka gani da idonka." Tana tashi kuwa, tana aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan ba ya ɗaukar alkawarin ci gaba da aika musu gyara. Ka gudu daga tsohuwa, ka biya kuɗin sabuwa, ka dawo gida da tsohuwa.

Gane su ba wuya. Ka buɗe bayanin kwamfutar ka dubi lambar da ke bayan i5 ko i7. In ka ga 6300U, zubi na 6 ce. In ka ga 8350U, na 8 ce. HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa zubi na 6 ce, G4 na 7, G5 yawanci na 8, amma ko a G5 akwai waɗanda aka saka wa na 7, don haka lambar ƙwaƙwalwa za ka duba, ba rubutun murfi ba. Kada kuma sitikar i7 ta ruɗe ka. A irin waɗannan siraran laftof, i7 ta zubi na 7 injin aiki biyu ne a cikinta, i5 ta zubi na 8 kuwa huɗu. An gaya mini wani malamin makaranta ya ƙara kuɗi mai kauri don ya ɗauki i7, ya bar i5 da ta fi ta ƙarfi da araha a kan kanta, ya fito yana yi wa mai shago godiya. Mai shagon ya raka shi har bakin titi.

Akwai kuma samarinmu. Tunda shugaban hukumar NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan garin nan ne, ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, kowane yaro yana son a ce shi ma ɗan fasaha ne, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai wani ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, karatun nan ba ya yiwuwa sai da laftof mai katin RTX." Dattijo ya fitar da buhunan riɗin da ya ajiye yana jiran farashi ya tashi. Koyon rubuta manhaja da tsara shafin intanet, ta hannu 'yar zubi na 8 mai ram 8 ko 16 ta ishe shi har ya fara samun kuɗi. Maƙwabta sun ce abin da suke ji daga ɗakinsa har asuba ihun cin ƙwallo ne, kuma da alama Real Madrid yake ɗauka.

Kada masu jira su yi saurin tafa hannu, don su ma ta ciwo su. Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya shekara yana yi wa kowa wa'azi cewa kayan kwamfuta kullum sauka suke, a yi haƙuri. A da gaskiyarsa ce. Sai ƙarshen 2025 ta zo da abin da bai lissafa ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da yawancin ram ɗin duniya, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma duk sun juya akalarsu ga manyan rumbunan kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira, inda riba take. Farashin ram ya ninka cikin 'yan watanni, wani ma ya wuce ninki. Tsohon samfurin DDR4 da yawancin kwamfutocinmu ke amfani da shi bai tsira ba, don masana'antun suna janye hannu daga yin sa. A Disamba Micron ya ba da sanarwar zai rufe sashensa na Crucial, mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Mutumin namu ya shiga Kano da kuɗin da ya lissafa tun bara, ya dawo da fulas ɗaya da ciwon kai. Yanzu in aka tada maganar a majalisa sai ya ce zai je alwala.

Wadda ta burge ni a duk wannan hayaniya wata baiwar Allah ce mai shagon buga takardu, wadda ɗaliban Kwalejin Binyaminu Usman da na Jami'ar Sule Lamido ke kai wa furojet. Dillalai sun yi mata zarya, ta ce da sabon gini gara yaɓe. Ta kira mai gyara ya cire tsofaffin had-dis masu juyawa daga kwamfutocinta ya saka SSD, ya ƙara ram tun yana da sauƙi, ya buɗe cikinsu ya busa ƙurar da ta toshe fanka, ya sabunta man da ake shafa wa ƙwaƙwalwa don ta huce. Guda ɗaya tak ta sauya, ta ɗauki 'yar zubi na 8 ta hannu, ita ce ta shiga intanet da harkar banki. Sauran kuɗin ta zuba a sola da batir. A Oktoban 2024, da arewa ta yi kwanaki a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, an ce layi har waje a shagonta, masu manyan injuna kuwa suna zaune suna lissafin lita. Maza da yawa sun ji haushin abin, shi ya sa ba a cika ba da labarinta ba.

Masu gyara na garin nan, in ka zauna da su bayan la'asar, za su gaya maka ba tsufa ke kashe kwamfuta a Haɗejiya ba. Zafin Afrilu ne da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama. Sabbin siraran laftof ɗin nan da yawa an liƙe ram ɗinsu a jikin allon ciki, ba a ƙarawa, ba a cirewa. In abu ya ƙone, sai a ɗauke ta a yi tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Kano, can ma a ce kayan gyaranta bai shigo ba tukuna, a jira daga Legas ko Caina. Tsohuwar EliteBook ko Latitude kuwa, batirinta da allonta da cajarta suna rataye a kowane lungu.

Sannan ga kogi, wanda dillalin Kano ba ya sakawa a lissafi. Kuɗin garin nan na shinkafa ne da alkama da riɗi da kifi, yana zuwa ne da lokaci, kuma ruwa yana iya riga ka zuwa gona. Duk wanda ya ga 2020 da 2022 ya tuna yadda ruwa ya taho daga Tiga da Challawa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, matasa suka kwana a kan jinga suna jera buhunan yashi. An ba ni labarin wani mai ɗaukar hoto da ya karɓi sabuwar kwamfutar tebur bashi a damina, a kan zai biya in an yi girbi. Ruwa ya cinye shinkafar. Ya kuma shigo shagon, ya tarar da akwatin a ƙasa ƙarƙashin tebur, inda aka ajiye shi don kada ya faɗo. Maƙwabcinsa mai tsohuwar laftof ya saka tasa a jaka ya rataya ya fita. An ce har yanzu in mai bashin ya shigo gari, mai hoton yana ɗaukar biki a Guri.

Na ƙarshe, kuma wannan ku riƙe shi da kyau, don da zafinsa aka kawo mini. Tunda ram ya yi daraja, wata sabuwar sana'a ta ɓullo. Wasu masu sayar da ta hannu suna zare sanda ɗaya daga laftof mai ram 16, su sayar da ita a matsayin mai 16 ɗin, sandar kuma su sayar daban. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a kunna a gabanka ka karanta da idonka. A wani ofis kuma da ba zan faɗi ko na wane ne ba, an ce akwai ma'aikacin da ya fara son aikin dare ba tare da an sa shi ba, yana kuma yawo da ƙaramin sukudireba a aljihun gaba. Kwamfutocin ofishin duk sun koma tafiyar hawainiya a mako guda, shi kuma ya sauya waya. Shugaban sashen ya riga ya rubuta takarda yana neman a sayo musu sababbi 'yan zubin bana, kuma wanda ya buga masa takardar shi ne mai sukudireban.